To Uku, Laraba Ɗaya

Na manta sunayen shugabanni da yawa da na yi aiki a ƙarƙashinsu, wasu ma da gangan na manta, amma Larabar da Malam Ado ya cire hularsa a gaban manoma a bakin ƙofar ruwa tana nan a raina kamar jiya. Ku da kuka shigo aikin nan kuka tarar kowa yana tafe yana magana shi kaɗai ba mai waiwayensa, da wuya ku gane yadda ɗan abin da bai fi ƙwallon dabino ba ya kusa zubar da mutuncin dattijo. Bari in ba ku labarin yadda ya faru, don na ji ana ba ku shi a karkace.

A lokacin, cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai, ni ne mai duba masu ƙofa a sashenmu na tsakanin Kura da Bunkure. Ga wanda bai san aikin ba, ruwan noman rani daga madatsa yake tasowa ya biyo babban kanal, sannan ya rarrabu cikin ƙananan layuka masu shiga gonaki. A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa a sauke da wani abu mai kama da sitiyarin mota, kuma ba ya juyuwa sai da hannu biyu. Mai juya shi shi ne mai ƙofa. A ofis shi ne ƙaraminmu, amma a gona shi manomi ya sani.

Ƙofar Malam Ado layi uku take shayarwa. Muna ce musu layin albasa, layin tumatir da layin alkama, ko da yake kowa abin da ya ga dama yake shukawa. Kowane layi yana da ranakunsa biyu a mako, sai Laraba ta rage. Ita Laraba ranar rara ce, mai ƙofa ne yake zagayawa ya ga layin da ya fi jin ƙishi ya ba shi. Shekarar da ruwa ya wadata ba mai tunawa da ita. A wannan ranin kuwa ciyawar kacalla ta shaƙe babban kanal, ruwa yana zuwa kamar ana rowarsa, sai kowa ya sa wa Laraba ido.

To, kun san mu da kalmar nan "to". Mukan ce to don mun yarda, mukan ce to don mun ji, mukan kuma ce to don a rabu da mu. Malam Ado ta farkon kawai ya sani. In ka roƙe shi abu, sai ya kalli ruwa ya ce "a duba", ko ya ce "Allah ya kai mu", ko ya yi shiru har ka gaji ka kama gabanka. Amma ran da ya ce maka to, je ka ka yi barci. Har ta kai manomi in yana so a yarda da shi a kasuwa sai ya ce, to ɗin Ado na ba ka. Ba shi da babbar gona, gidansa na ƙasa ne, kekensa ma ya girmi wasunku. Wannan kalmar ita ce abin da ya tara a aikinsa, kuma ya san da haka.

Abu biyu ya rage ku sani game da shi. Na farko, akwai mutum ɗaya da yake samun to ɗinsa a ɓagas, wato Injiniya, shugaban sashenmu, don Malam Ado ya taso a zamanin da ba a ce wa na gaba a'a. Na biyu, kunnensa na dama ya daɗe da mutuwa, ƙarar ruwa ta shekara da shekaru ta cinye shi. Da na hagu yake ji, shi ya sa in kana masa magana yake karkato maka gefe ɗaya.

Shi Injiniya sabon zuwa ne a lokacin, mutumin kirki, sai dai Allah ya jarabce shi da son waya. A birni yake zaune, yakan leƙo mu jefi-jefi, sauran mulkin ta waya yake yin sa. Ya kafa doka cewa kowane mai ƙofa ya riƙe waya, kuma in ya kira a ɗauka kafin ta katse. Bai tuna sitiyari hannu biyu yake ci ba. Malam Ado ya gwada maƙale tasa tsakanin kunne da kafaɗa, ta suɓuce ta faɗa kanal tana cikin magana. Ya sayi wata ya ɗaura mata igiya ya rataya a wuya, igiyar ta naɗe a sitiyari ta kusa shaƙe shi, da ya fizge ita ma ta bi 'yar'uwarta. Da labari ya kai wa Injiniya, sai ya tara mu ya juyo mana kunnensa, ya nuna wani abu da ke maƙale a jiki. Ya ce sunansa bulutu, ba shi da igiya, da shi mutum zai yi magana hannunsa yana kan aiki, kuma kowa ya nemo nasa kafin wata ya ƙare.

Wani direbanmu mai bakin tsiya ya ce ashe mun kai zamanin da maza za su sa ɗan kunne. Aka yi dariya aka wuce wurin. Malam Ado bai yi dariya ba, kuma bai wuce wurin ba. Mutum ne mai surukai da jikoki, kuma shi yake jan salla a masallacin bakin kanal in liman ya yi tafiya.

Ni na goya shi a babur zuwa Kura, shagon wata mata Rifkatu, 'yar wajen Jos da ta daɗe a garin tana sayar da kayan waya tana yi wa mutane caji da janareto. Ta san kayanta. Kafin ta nuna mana komai ta ce a ba ta wayar ta gani, don ba kowace waya take haɗuwa da bulutu ba. Aka yi sa'a ta ukun da ya saya tana haɗuwa. Ta ce dole sai an sa su sun gaisa da juna tukuna, daga nan kowanne zai gane ɗan'uwansa. Malam Ado ya tambaye ta da gaske ko kullum da safe ake gaisuwar. Ta ce sau ɗaya ta isa, shi kuwa ya ce ashe ba su da ladabi ke nan.

Ta jera mana kaya a kan gilashi. Akwai wani babba mai ƙugiya da ke zagaye bayan kunne, da ɗan sanda da ke miƙowa wajen baki, da fitila shuɗiya mai ƙyaftawa. Shi ta ce ya dace da shi, don batirinsa yana kai safe zuwa yamma, ba ya faɗuwa ko mutum ya sunkuya, kuma ƙarar ruwa da iska ba sa danne murya. Akwai matsakaita. Sai wani ɗan mitsitsi baƙi da ake cusawa cikin kunne, ana iya kashe fitilarsa, kuma da kansa yake ɗaukar kira ba sai an taɓa shi ba. Malam Ado bai tambayi batir ba, bai tambayi ƙarfin murya ba. Tambayarsa ɗaya ce, wanne ne ba a gani.

Rifkatu ta ce, "Baba, wanda ba a gani ai shi ne matsala. In mutane ba su ga abin ba, yaya za su san ba da su kake magana ba?"

Ya ce mutane su ji da kansu. Da ta ji kunne ɗaya ne yake masa aiki, kuma a cikinsa zai cusa abin, sai ta dafe kai ta sake yi masa bayani tun daga farko, ni ma na sa baki, amma wanda ya san Malam Ado ya san ba a canza masa ra'ayi a shagon mutane. Ya ɗauki ɗan mitsitsin. Muna fitowa ya tsaya wurin mai huluna ya sayi haɓar kada, irin hular nan mai kunnuwa biyu da ke saukowa, ya ja ta ya rufe komai. Da yake lokacin sanyi ne ba wanda ya yi mamaki.

Abin da ya biyo baya daga baya na harhaɗa shi daga bakin mutane. Shi Injiniya in ya kira ba tambaya yake yi ba, lacca yake yi. Malam Ado yana cikin aiki sai ya ji ɗan ƙara a kunne, muryar Injiniya ta shigo ba sallama. Nan take zai saki sitiyari ya rusuna, don ba zai iya sauraron na gaba yana tsaye ƙiƙam ba, ya kafa wa ruwa ido, duk inda Injiniya ya ja numfashi ya ce, "To, ranka ya daɗe." Kunnen da yake ji da shi a toshe, ɗayan kuwa ado ne kawai.

A haka Sarkin Noma Garba, shugaban masu layin albasa, ya same shi. Ya yi sallama, sai ya ga Malam Ado ya rusuna masa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ji daɗi, shi ma ya durƙusa, ya yi doguwar shimfiɗa a kan halin da albasa take ciki, ya roƙi Laraba. Malam Ado yana kallon ruwa, kamar yadda ya saba in zai yanke magana, ya ce, to, ranka ya daɗe. Sarkin Noma ya tashi yana sa masa albarka, Malam Ado ya ga bakin dattijo yana motsi ya ɗaga masa hannu, a zatonsa gaisuwa ce. Washegari Hudu na layin alkama ya zo ya samu tasa. Sai kuma Bulus, shugaban masu tumatir, wanda ya zo ƙasar nan yana saurayi daga Kudancin Kaduna har furfura ta same shi a nan. Shi ma aka rusuna masa aka ce to, ranka ya daɗe. Bulus ya koma gida ya zaunar da matarsa ya ba ta labari, don tunda ya zo ƙasar Kano ba wanda ya taɓa ce masa ranka ya daɗe.

Kafin ka ce me, zance ya bazu cewa bakin Malam Ado ya buɗe. Wasu suka ce an yi masa addu'a ne, wasu suka ce alamar tafiya ce, dattijo yana neman gamawa da duniya lafiya. Kowa ya kwaso buƙatarsa tun kafin bakin ya rufe. Wani Bafulatani ya roƙi a bar shanunsa su riƙa shan ruwa a wurin, abin da doka ta hana don suna rushe gefen kanal, aka ce masa to. Samarin ƙwallo suka zo suka nemi ya zama uban ƙungiyarsu, aka ce to. Wani maniyyaci ya nemi wanda zai riƙe masa rago har ya dawo daga Makka, aka ce to. An ce har daga Madobi wani ya hawo keke ya zo, ba shi da wata buƙata, ya dai zo ya ji da kunnensa, ya tambaye shi ko gobe za a yi sanyi, shi ma ya samu tasa.

Ni ban san wainar da ake toyawa ba sai ranar Talata da la'asar. Na tsaya shan shayi a bakin titin Kura, sai na ji Hudu yana gaya wa mai shayi gobe ruwa nasu ne. Ban gama kofina ba Bulus ya faka babur yana cewa ya tara masu taya shi ban ruwan gobe. Suka kalli juna, kowa ya ce shi aka ba. Ba su yi gardama ba, tausayin juna ma suka ji, don wanda yake da to ɗin Ado a aljihu ba ya ɗaga murya. Mai shayi kuma ya ce ai tun jiya Sarkin Noma ya sa aka sanar a masallaci Laraba ta masu albasa ce. Nan shayin ya fita daga raina.

Na tarar da Malam Ado yana yankan kacalla da lauje. Na zagaya ta hagunsa na sa ya ciro abin, na tambaye shi wa ya ba Laraba. Ya ce bai ba kowa ba tukuna, sai gobe da sassafe in ya zagaya gonaki. Na zayyana masa abin da na ji. Da farko ya ce sharri ne. Sai na tambaye shi, lokacin da Sarkin Noma ya zo, wa yake magana a kunnensa. Ya ajiye lauje, ya nemi gefen siminti ya zauna. Can ya ce ashe shi ya sa ya tarar da rago ɗaure a ƙofar gidansa, shi ya ɗauka ɓata ya yi, har ya sa an yi cigiya.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da na ɗago na ga fuskarsa sai dariyar ta tsaya, tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar. Na ce abin ai mai sauƙi ne, gobe ya gaya musu ba da su yake ba, laifin na'ura ne.

Ya ce, "Malam Sani, in ce wa Sarkin Noma ya durƙusa a gabana yana magana ni kuwa kunnena yana birni? Kuma daga gobe duk wanda na ce wa to sai ya leƙa ƙarƙashin hulata kafin ya yarda?"

Ya ce magana zarar bunu ce, kuma na'ura ba ta da baki, nasa ne ya faɗa. Kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada, na sanar da Injiniya halin da ake ciki. Ya ce kada in damu, zai warware komai da safe, ta waya.

Da hantsin Laraba bakin ƙofar nan ya cika, layi uku kowa da fartanyarsa da shebur. Zance ya riga ya zagaya cikin dare cewa to ɗin ya yi yawa, don haka ba mai fara'a. Malam Ado ya iso a kan kekensa da haɓar kadarsa, abin yana kunnensa, tunda doka ta ce kada a cire a lokacin aiki. Ya tsaya jikin sitiyari, ni na tsaya ta hagunsa. Sarkin Noma ya fito gaba ya gyara murya, daidai lokacin na ji ɗan ƙaran nan daga ƙarƙashin hula. Na ga gwiwoyin Malam Ado sun fara lanƙwasa za su rusuna.

Abin da Injiniya yake faɗa masa, kamar yadda su biyun suka gaya mini daga baya, shi ne ya ce wa manoma bai yi wa kowa alkawari ba, su ne ba su ji daidai ba, sannan ya kulle ƙofa kowa ya watse sai ofis ya zauna. Shi kuma Sarkin Noma, wanda bai san ana wata magana ba, yana cewa, "Malam Ado, mun ji an ce kowa ka ce masa to. An kuma ce yau za ka ce ba ka faɗa ba. Mu ba mu yarda ba, shi ya sa muka zo mu ji daga bakinka. Ka janye maganarka?"

Gwiwoyin nan suka miƙe. Malam Ado ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Na faɗa. Da bakina na faɗa, kuma ba wanda ya ji ba daidai ba."

Sarkin Noma ya gyaɗa kai ya waiwayi mutanensa. Shi bai san a'ar nan ta Injiniya ce ba, kuma ita ce ta farko da Malam Ado ya taɓa ce wa shugaba tunda ya kama aiki. Na tambaye shi daga baya ko ya ji tambayar Sarkin Noma, ya ce ko kalma ɗaya bai ji ba, amma da ya ji ma amsar ke nan.

Sai Malam Ado ya sa hannu ya cire hular. Ya zaro ɗan abin daga kunnensa ya ɗora a tafin hannu ya ɗaga kowa ya gani, ya ba su labari tun daga wayar da ta faɗa kanal har zuwa shagon Rifkatu, bai ɓoye kunyar ɗan kunnen ba. Ya ce, "To uku na bayar, Laraba ɗaya gare ni. Ba zan ce ba nawa ba ne, don ba bakin aro na yi ba." Ya ciro makullin kwaɗon ƙofa ya ajiye a kan siminti, ya ce su nemi ofis ya ba su mai ƙofar da za a iya riƙe maganarsa. Ni kuwa na sunkuyar da kai don ba na son ganin haka.

Ba ka jin komai a wurin sai ruwa yana dukan ƙofa, da wata 'yar murya kamar ta sauro daga tafin hannun Malam Ado tana cewa halo, halo, Ado kana ji na. Hudu ya matso ya leƙa tafin hannun, ya tambaya wai wannan ɗan abin ne ya ba shi ruwa.

Bulus ne ya fara magana. Ya ce, "Malam, ruwan na mayar maka. Amma ranka ya daɗe ɗin nan na riga na kai wa maman yara, ba zan iya karɓo shi ba."

Dariya ta ɓarke. Malam Ado ya ce ya riƙe, yanzu ya ba shi da kunnensa a buɗe. Da an tsaya nan da an rabu lafiya, amma sai Sarkin Noma ya ji abin ya taɓa masa girma. Ya ce ina aka taɓa yi, baƙo ya riga Sarkin Noma yafiya, shi ma ya mayar, kuma tasa mayarwar ce ta farko don tun a zuci ya yi ta. Bulus ya ce wane ne baƙo, shi da aka yanke wa 'ya'yansa cibiya a Kura. Hudu ya ce su duka su yi haƙuri, alkama ta fi kowa juriya, shi ya fi cancanta ya rasa. Sarkin Noma ya rantse ruwan nan ba zai shiga layin albasa ba yana raye. Bulus ya ce in aka buɗe wa tumatir shi da kansa zai toshe. Murya ta fara tashi, mutane suka fara gyara riƙon fartanya. Na ga faɗan ruwa iri-iri a aikin nan, amma wannan ne kaɗai na ga ana neman fasa kai a kan wa zai ƙi karɓa.

Ana cikin haka ruwa ya taru a bayan ƙofa har ya fara lasar bakin siminti. Malam Ado ya duba, ya ga in aka ƙara jimawa kanal ne zai ɓalle kowa ya huta. Ya sunkuya ya ɗauki makullinsa ba tare da ya nemi izinin kowa ba, ya ɗan sassauta ƙofa, ya hau kekensa ya zagaya layukan nan uku kamar yadda ya yi niyya tun farko, jama'a suna tsaye suna jiransa. Ya dawo ya ce albasa za ta kai Juma'a, alkama ma haka, amma tumatir yana fure kuma ganyensa ya fara lanƙwashewa. Ya tsaya gaban Bulus, abin yana tafin hannunsa, ya karkato masa kunnen hagu, ya ce ya sake roƙo daga farko. Bulus ya ce ai ya yafe, Sarkin Noma ya daka masa tsawa ya ce ya roƙa mana. Ya roƙa. Malam Ado ya kalli ruwa, ya daɗe yana kallo har muka fara tsoron zai ce a duba, sannan ya ce to.

Injiniya duk ya ji wannan, don ba wanda ya san yadda ake kashe abin. Washegari ya zo da kansa. Ya yi faɗan da ya kamata shugaba ya yi, sannan ya ja ni gefe ya ce tunda yake ba a taɓa ce masa a'a mai ladabi irin wannan ba. Daga nan, kamar yadda ofis ya saba, aka kafa kwamitin zaɓen na'urar kunne, ni ne sakatare. Muka yi ta zama muna shan lemo, muka tattauna batir, muka tattauna ƙugiya, muka yi muhawara a kan ko shuɗiyar fitila ta fi ja. A ƙarshe aka tsayar cewa abin ya haɗu da wayar mutum, ya kai yamma ba caji, kada ya ɗauki kira sai an taɓa shi, kuma a iya hango shi daga ɗaya gefen kanal.

Malam Ado bai jira kwamiti ba. Ya koma wurin Rifkatu shi kaɗai, ita kuma ta buɗe gilashi ta miƙo masa babban nan mai ƙugiya. Ya koma hularsa ta da, kunne a waje, fitila tana ƙyaftawa. Direban nan ya sake tsokanarsa da ɗan kunne, Malam Ado ya ce eh, nasa ne, kuma ya fi na matar direban haske. Manoma suka gane tsarin. In abin yana kunne su nemi inuwa su jira, in ya ciro ya riƙe a tafin hannu, to kunnen nasu ne.

Sauran alkawuran kuwa bai zubar da ko ɗaya ba. Ya riƙe ragon nan har mai shi ya dawo daga Makka, bayan ragon ya cinye wa iyalin Malam Ado kuɓewar da suka shanya. Ya zama uban ƙungiyar ƙwallo, yakan zauna a bakin fili da carbinsa, har ya bar aiki bai gane wace raga ce tasu ba. Shanun Bafulatani kuwa, tunda doka ta hana su kusantar kanal, sai ya samo rabin duro ya ajiye nesa da gefe, kullum da yamma ya riƙa jido ruwa da bokiti yana cikawa har damina ta sauka. Na ce masa mutumin nan fa da ka yi masa bayani zai yafe, ya ce ai mutumin ba bayani ya roƙa ba, ruwa ya roƙa.

Abin da na ɗauka daga wannan shi nake gaya wa duk wanda aka kawo mini sabo. Mu a zatonmu ruwa muke rabawa, amma manomi tun kafin ya ga ruwa maganarmu yake shukawa a kai. Don haka duk abin da za ka maƙala a kunne a aikin nan, kada ka tsaya kan ko kana jin na nesa da kyau. Ka duba ko wanda ke tsaye a gabanka ya san wa kake saurare.

Ranar da Malam Ado ya ajiye aiki aka yi masa ɗan taro a bakin ƙofarsa. Babban abin nan yana kunnensa, ko da yake duk mun san batirinsa ya mutu tun tuni, fitilar ta daina ƙyaftawa, wayar da suka gaisa da ita ma ta lalace. Ya ci gaba da sawa ne kawai don ya sami abin cirewa in mutum ya zo da magana. Da jama'a suka watse na matsa ta hagunsa, na ce mun daɗe tare, na sa shi abin da yake so da wanda ba ya so, ina roƙon ya yafe mini. Ya sa hannu ya zare ƙugiyar daga bayan kunnensa, ya ɗora abin a tafin hannu yadda zan gani, ya kalli ruwa.

Ya ce, "To."